Zoben da ke Gonar Toma

A gonar Toma, gabas da Gozaki, akwai wani zobe. Duk shekarar da ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, dawa takan yi yaushi ko'ina, sai layi ɗaya da ya kewaye tsakiyar gonar ya tsaya kore shar, ya ɗara sauran tsawo da kamu guda. Ubansa ne ya nuna masa. Ya ce, "Mutane sun zauna nan kafin mu. Fartanya kawai, kada garma ta shiga."

Shekara hamsin Toma bai saɓa ba. Maƙwabta sun sa garmar shanu, daga baya tarakta, gonakinsu suka zama bai ɗaya. Tasa ce kaɗai ta riƙe zobenta, kuma ita ce ke ciyar da gidansa.

Sai Rahab ta zo hutu. 'Yar ƙanensa ce, shi ya riƙe ta bayan rasuwar ubanta, yanzu tana karatun kayan tarihi a jami'a. Ta zo da ƙaramin jirgi marar matuƙi mai ɗaukar hoto daga sama. Kwana uku tana tashinsa a kan gonakin gari, ba ta ga komai ba.

"Baba, littafi ya ce tsohon rami da ya cike yana riƙe danshi, shuka ta yi kore a kansa. Ni ko layi ɗaya ban gani ba."

"Littafin naki bai san damina ba," in ji Toma. "Ana ruwa kullum, wace shuka ce ba ta ƙoshi ba? Bari ya ɗauke kwana goma."

"Baba! Ka san wani wuri ke nan."

Toma ya ce, "Idonki kaɗai. Ba takarda, ba malamanki."

"Na yi alkawari, Baba."

Ruwa ya ɗauke a watan Agusta. Ya kai ta gonar, ta tashi jirgin, ta nuna masa hoton a waya. Ga zobe cikakke, da ƙofa ta yamma, da ƙananan da'irori a ciki waɗanda bai taɓa lura da su daga ƙasa ba.

"Ashe har da ɗakuna," ya ce.

Bayan girbi mota ta tsaya a bakin gonar. Mutum uku suka fito da turaku masu jan fenti da takarda mai hatimi. Babbansu ya ce mai yiwuwa wurin mazauni ne tun kafin a fara rubuta tarihi, don haka ba shuka sai an gama tono, shekara biyu ko uku. A jikin takardar akwai hoton nan, da sunan Rahab a ƙasa. Ita ce ta fito daga motar a ƙarshe.

"Baba, in ban rubuta ba, wata rana wani zai sa tarakta ya share shi."

"Wa? Ni?"

"Ba kai ba. Bayanka."

"To, kin binne ni ke nan. Saura gonar."

Washegari ya je Malumfashi ya ɗauko tarakta. In babu zobe, babu abin tono, gona ta dawo hannunsa. Direban, Abdulmutallib, ya tsaya a bakin turakun, inji na ruri.

"Baba, in shiga?"

Toma ya dubi tsakiyar gonar, inda ubansa ya tsaya ranar da ya nuna masa.

"Kashe. Koma."

"Tun daga Malumfashi fa, Baba. Don in zo kallon kara?"

"Ka kalla. Koma."

Da damina ta faɗi, masu tono suka ja igiya a gonar. Toma ya shuka dawarsa a wani ɗan fegi da aka ara masa bayan coci. Nan Rahab ta same shi, ta durƙusa.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau, Malama," ya ce, bai ɗago daga noman ba.