Ayabar Baba a Yanka na Sha Uku

Aikina yankan ayaba, amma ba wadda ake ci ba. Ina zama gaban wani tebur mai huro tatacciyar iska, hantsaki a hannun hagu, 'yar wuƙa a dama. In buɗe kwalba, in zaro curin tsiro wanda bai fi kan yatsa ba, in raba shi uku ko huɗu, in dasa kowanne a sabuwar kwalba. A gindin kwalbar akwai abincinsa, daskararre kamar kitse, an gauraya shi da magani. Maganin iri biyu ne. Na toho yana sa tsiron ya yi ta haihuwa, ba saiwa. Na saiwa kuwa sai an gama da shi ake ba shi, ya yi jijiya, a fitar da shi ƙasa. Duk sati huɗu a sake yanka, a rubuta lamba a murfi. Ƙa'idar wurin yanka bakwai ce. Daga bakwai sai na saiwa.

Nawa kuwa suna kan yanka na sha uku.

Kwalba tara ne, a kanta ta ƙasa, can bayan na kamfani. Ayabar Baba ce. Tun kafin a haife ni ya shuka ta a bayan gida, mai gajerun 'ya'ya masu kauri, gindinta ja-ja. Shekarar da ya rasu ciwo ya shige ta. Ganye ya yi ɗorawa ya karye, in ka sare gindin sai ka ga cikin ya yi baƙi. Ɗa ɗaya na samu mai lafiya. Na tono shi, na kawo wurin aiki, Anti shugabar ɗakin ta ce in gwada. Na fere shi har ya koma kamar ƙwayar wake. Ya kama.

Tun daga nan duk wata nake yanka. In zaɓi waɗanda suka fi yawan 'ya'ya in cika kwalba tara, sauran in zubar. Da muka kai bakwai, sai na sake ɗauko na toho. Haka a takwas.

Ranar Laraba Mai Tukunya ya same ni tsugune gaban kantar. Dattijo ne, shi ke dafa kwalabe da turiri, masu tsabta da masu fumfuna duka, don ya kashe duk wani abu mai rai a ciki.

"Ango, ana gaida amare? Shekara guda suna haihuwa, ko ɗaya bai taka ƙasa ba."

"Suna lafiya, Kawu."

"Lafiya? Ni da na haifi shida ma na nemi hutu. Ka ba ni su in yi musu wanka, ka huta."

Ban yi dariya ba. Bai damu ba, ya yi wa kansa.

Da rana Anti ta zo zagaye. Ba ta saba sunkuyawa kanta ta ƙasa ba, gwiwarta ba ta so. Ran nan ta sunkuya. Ta ɗauki ɗaya, ta karanta murfin, ta ɗaga ta saitin fitila. Ta daɗe.

"Zo nan. Me ka gani?"

"Tsiro."

"Kar ka raina min hankali. Dubi ganyen."

Na riga na gani tun a yanka na sha ɗaya. Ganyen ya sirance, ya murɗe, wani da farin layi a tsakiya. Curin ya cunkushe kamar an dunƙule hannu.

"Ka san dalilin bakwai ɗin nan, ai kai kake gaya wa sababbi. In aka matsa masa da na toho, sai ya manta kamannin uwarsa. Ka shuka wannan, wada zai fito maka, ko ya yi 'ya'ya kamar yatsun jariri. Rabin kwalaben nan ba ayabar babanka ba ce yanzu."

"Anti, ciwon yana nan a ƙasar gidanmu. In na fitar da su ya kama su, shi ke nan. Babu wata."

"To a nan fa?"

"A nan ba abin da ke taɓa su."

"Kai kake taɓa su, duk wata, da wuƙa." Ta miƙo min kwalbar, ta dafa kanta ta miƙe da ƙyar. "Litinin zan dawo. Ko na saiwa, ko Mai Tukunya."

Da na koma gida Inna tana tsakar gida tana ninke wanki. Kusa da ƙofar ɗakinta akwai rabin duro, cike da ƙasa. Wata biyar ke nan ta sa aka kawo ƙasar daga nesa, don na ce ta bayan gida ba ta da lafiya. Har ciyawa ta fito a ciki, tana cirewa.

"Har yanzu tana kwalba?"

"Tana nan."

"Babanka da fartanya ya shuka ta, da rana tsaka, ko ruwa bai zuba ba sai washegari. Kai an ba ka ɗaki mai sanyi da farar riga." Ta kakkaɓe zani. "Ni dai haƙorana sun fara tafiya. Ayaba ce ta rage min, ka yi ƙoƙari."

Ranar Juma'a na kwaso su duka tara na kai tebur. Na goge hannu da sifirit, na ƙona bakin wuƙa, na jira ta huce. Na bi curi ɗaya bayan ɗaya. Wannan karon ban nemi masu yawan 'ya'ya ba. Na nemi masu miƙaƙƙen ganye, marasa layi, waɗanda da can nake zubarwa don sun cika nawa wajen haihuwa. Wuyana ya ƙage. A cikin tsiro sama da arba'in, huɗu na samu. Ɗaya a cikinsu yana da ɗan ja a gindi, ko kuma idona ne ya gaji.

Na ɗauko kwalba huɗu na maganin saiwa. Na dasa, na rufe. A murfin babu lambar da zan rubuta, sai kwanan wata.

Sati huɗu su yi jijiya. Wata biyu a rumfa su saba da iska. Sannan duron Inna, sannan shekara, kafin in ga 'ya'yan in san ko ta Baba ce na tsirar ko wata ce daban.

Sauran na jera a tire na kai ɗakin turiri. Mai Tukunya ya dubi tiren, ya dube ni.

"Duka?"

"Duka, Kawu."

Bai yi tsokana ba. Ya karɓa da hannu biyu, ya jera su a tukunya, ya ɗaure murfi. Na koma tebur. Akwai kwalaben kamfani tamanin suna jira, duk a yanka na biyar.