Makulli Ɗari da Tamanin na Kawu

Aikina a ofishin nan shi ne rabon makulli, kuma ban san aikin da ya kai shi jawo baƙin jini ba. Kamfaninmu zanen gadoji yake yi. Manhajar da injiniyoyi suke lissafin nauyin gada da ita ba ta ko motsi sai ta karɓi lasisi daga wata kwamfuta da ake kira saba. Mu dai makulli muke ce wa lasisin: ka karɓa, ka yi aikinka, ka mayar. Mayarwar ce mutanenmu ba su iya ba.

Shekara huɗu muna lallaɓawa da makulli sittin da saba guda, wata tsohuwa da ke ƙarƙashin teburina tana gasa mini ƙafa. Sai ga aikin babbar gada ya zo, aka jera mana injinan lissafi ɗari biyu a ɗakin ƙasa. Ranar farko da suka buɗe baki gaba ɗaya suna neman makulli, tsohuwata ta yi tari biyu ta sume.

Mako biyu ina fama. Na kafa saba uku don su raba nauyin, na tsara layi yadda kowane inji zai jira a kai kansa, Manaja kuma ya sa aka ƙaro makullai suka zama ɗari biyu da arba'in. Har na rubuta wata 'yar manhaja na sa mata suna Mai Gadi. Kowane minti sai ta ƙwanƙwasa wa kowace saba ta ga ko tana numfashi, kowace awa kuma ta turo mini saƙo a waya: “Lafiya lau.” Na ji kaina ya yi girma, ba zan ɓoye ba.

Litinin da hantsi sai ga injiniyoyi cike da ƙofata. Lissafi ya tsaya, injina na jira, babu makulli. Na duba, guda sittin ne kawai ke yawo. Duk wahalar nan ashe komawa gidan jiya na yi. Na buɗe rajista don in ga ɓarawon, sai na ga ɗari da tamanin cif a hannun mutum ɗaya. Da ma wani ne, da na ji sauƙi. Kawuna ne.

Kawu yayan mahaifiyata ne, shi ne babban injiniya, wata shida ya rage masa ya ajiye aiki. Wannan gadar ce ta ƙarshe da zai sa wa hannu, kuma kowa a gida ya sha labarinta har ya gaji. Yana da wani hali da ke ci mini rai. Akwai gutsuren kankare da ya ɗauko daga gadarsa ta farko, shi yake ɗorawa a kan maɓallin kwamfuta in zai fita, don kada ta yi barci a ƙwace masa makulli. Na yi magana har bakina ya bushe.

Na same shi yana shan shayi, kankaren nan zaune daram a wurinsa.

“Kawu, don Allah me ka yi da makulli ɗari da tamanin?”

“'Yar nan, ɗaya nake riƙewa. Ɗaya tak, kuma shi ma haƙƙina ne.”

“Ga sunanka a rubuce!”

“To, ki tambayi wanda ya rubuta. Ni me zan yi da ɗari da tamanin, gida zan kai wa gwaggonki?”

Raina ya ɓaci. Na sunkuci kankaren na jefa a aljihun teburina, na buga rajistar a takarda na kai wa Manaja. Na so ne ya ja masa kunne kawai. Amma hukuma na jiran lissafin ranar Alhamis, kuma Manaja ya daɗe yana cewa tsofaffi ba su gane kan injinan zamani. Nan take ya sa aka zare kwamfutar Kawu daga wuta, ya ce gobe da safe a taro zai miƙa gadar ga wani injiniyan.

Cikin awa guda makullai suka dawo duka. Injina suka ɗau ruri, lissafi ya miƙe, har da masu tafa mini a baranda. Kawu kuwa ya zauna gaban teburi wayam, yana gyara fensiran da ba su buƙatar gyara.

Da la'asar Inna ta kira. “Ke, me yayana ya yi miki? Shi ya riƙe hannunki ya kai ki wurin nan!”

“Inna, aiki ne, ba ruwansa da zumunci.”

“Au, haka ne? To, Allah ya ba ki ladan aiki.” Ta kashe.

Ina riƙe da wayar ina huci, sai na lura da wani abu. Tun azahar Mai Gadi ba ta ce “Lafiya lau” ba. Saƙonta na ƙarshe ya shigo ne dab da lokacin da aka zare kwamfutar Kawu.

Sai a lokacin na tuna inda na rubuta ta. Ranar ɗakina ya yi zafi, Kawu ya tafi duba fili, na shige ofishinsa mai sanyi na haye kujerarsa. Kwamfutarsa a buɗe take, albarkacin kankaren da nake zagi, a kanta na rubuta manhajar na kunna, da niyyar in ɗauke ta daga baya. Na buɗe kwafin da ke wurina ina bi layi-layi. Ga inda take karɓar makulli don gwaji. Inda za ta mayar kuwa, babu shi, ban taɓa rubutawa ba. Uku a kowane minti, kuma saba ba ta ƙwace makulli sai ya yi awa guda. Uku sau sittin, ko ɗalibin firamare ya san amsar.

Babu wanda ya sani sai ni. Kwamfutar a kashe take, aiki na tafiya, ana yabona. In na yi shiru, shi ke nan. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kuma ji haushin Kawu a kan ya bar kwamfutarsa a buɗe, wai don in samu abokin laifi.

Da safe Manaja ya miƙe a taro, ya gyara murya zai kira sunan sabon injiniya. Na riga shi.

“Yallaɓai, ɓarawon makullin nan ni ce.”

Na zayyana komai, har da kujerar da sanyin. Wani ya tuntsire da dariya, masu tafin jiya suka sunkuyar da kai. Manaja ya dube ni, ya ce mu haɗu a ofishinsa bayan Alhamis, sannan ya ce a mayar wa Kawu kwamfutarsa da gadarsa.

Ni na ɗauko ta da hannuna na jona. Na goge Mai Gadi a gabansa, na ciro kankaren na ajiye a gefen teburi.

“Kawu, ka yafe mini. Yanzu makulli ya wadata, ba sai ka danne ba.”

Bai ɗago ba. “Jiya na cire hoton filin gadar daga bango, na sa a jaka. Gwaggonki ta tambaye ni dalili, na rasa abin da zan ce mata.”

Idona ya ciko. Ya tura mini kankaren da yatsa ɗaya.

“Ɗora shi inda kika same shi, 'yar nan. Da hannunki.”

Na ɗora.