Koren Ɗigon Ya Umara

Duk layinsu a unguwar Bolori an san Uwais tela da abu biyu: hannu mai kyau a ɗinki, da saɓa alkawari saboda waya. Ka kai masa yadi, ka dawo ranar karɓa, sai ka tarar da keken ɗinki a tsaye, gogan ya duƙufa kan wani gem, wasan waya na mulkin ƙasashe, wai yana tsaron iyaka. Ƙaton mutum da gemu! Wanda ya koya masa wannan jaraba kuwa yayansa ne, Ya Umara, direban a-kori-kura mai ɗauko wake da itace daga Konduga.

Su biyu suke bugawa a taswira ɗaya, kowa daga wayarsa. Ƙasar Umara ja ce, ta Uwais shuɗiya, kogi ya raba su. Duk mako sai an sabunta yarjejeniyar iyaka: ɗaya ya aiko da sharuɗɗa, ɗayan ya amince ko ya ƙi. In ya ƙi, yaƙi ke nan, kuma ranar da ƙasa ɗaya ta cinye ɗaya, taswirar ta rufe har abada. Su kuwa ba su taɓa bari ta kai can ba. Umara ma sarkin banza ne a gem. Sharuɗɗansa kullum kyauta ce: ga gonaki, ga dawakai, ba ya neman komai.

"Ya Umara, haka ake mulki?" Uwais yakan ce.

"Ci, ɗan Hajja, ka yi ƙiba tukuna kafin in yanka ka."

Akwai wani gari a bakin kogin, ɓangaren Uwais, da suka raɗa wa suna Hajja don tsokanar mahaifiyarsu. Umara ya ce ko duniya za ta tashi sojansa ba ya taka nan.

Lokacin girbin wake Umara ya fita da safe bai dawo ba. An tsinci motar bayan ramin tsaron da ya kewaye gari, ƙofofi a buɗe, ba buhu ko ɗaya. Ba jini, ba gawa, ba wanda ya kira ya nemi wani abu. Lambarsa a kashe. Uwais ya kai rahoto duk inda ake kaiwa, ya taka har takalminsa ya tsinke, amsa ɗaya ce: a yi ta addu'a. Da aka kwana biyu Kawu Babagana, ƙanin mahaifinsu marigayi, ya zo ya ce ko a zauna a karɓi gaisuwa. Hajja ta ce wanda ya ga gawar ɗanta ya zo ya nuna mata. Kawu ya sa takalmansa ya tafi.

Ana cikin haka, wata ranar da hantsi, Uwais ya buɗe gem ɗin, ba don wasa ba, don kawai ya ga sunan yayansa. Sai ga ɗigon da ke gefen sunan, wanda ya daɗe da dushewa, ya yi kore. Kore na nufin mai ƙasar yana kan waya a wannan lokacin.

Kaico, da ya yi shiru ya yi tunani! Ina, ya bar shago a buɗe ya ruga gida ba takalmi yana kiran Hajja. Ya nuna mata, ya yi mata bayani cikin Kanuri yana haki. Tsohuwar ta faɗi ta yi sujada a tsakar gida, ta tashi da ƙasa a goshinta tana dariya tana kuka. A ranar ta ci tuwo ta nemi ƙari.

Daga nan ya zama ƙa'ida. Kullum bayan La'asar, lokacin da ɗigon ya fi kamawa, sai ta ce, "Uwais, nuna min ɗana." Ya rufe taswirar ya bar mata sunan da ɗigon, ta zuba masa ido har ta gaji.

Ya rubuta saƙo a cikin gem ɗin, Hausa da Kanuri. Ya Umara, kai ne? Kana ina? Ko harafi ɗaya bai dawo ba. Lambar ma tana nan a kashe. Abin da ya dawo shi ne sharuɗɗan iyaka. Jar ƙasa na neman ma'adinin ƙarfensa, in ba haka ba yaƙi.

Ya zauna gaban keke yana auna abin. In ya ƙi, sojansa sun ninka na jar ƙasa, albarkacin kyautar da Umara ya daɗe yana yi masa. Zai murƙushe ta, taswira ta rufe, ɗigo ya tafi. In ya amince, mai riƙe da wayar ya ji daɗi ya dawo gobe. Wataƙila Umara ne, da bindiga a kansa, ana sa shi. Wataƙila wani yaro ne a daji ya sami abin wasa. Wataƙila ma wani ne ya sayi wayar a kasuwa bai san hawa ba bai san sauka ba. Ya danna amincewa.

Mako ya zagayo aka nemi gonakin kudu, ya bayar. Aka nemi gadar kogi, ya bayar. Ya daina tara soja, ya rushe ganuwar iyakarsa da hannunsa don kada mutumin ya ga wahala ya bar wasan. Ranar da aka nemi garin Hajja ya shiga bayan shago ya yi kuka kamar yaro, domin a nan zuciyarsa ta gaya masa gaskiya. Duk da haka ya share fuska ya bayar, da La'asar kuma ya nuna wa tsohuwa ɗigonta. Ya tsani mutumin nan da bai taɓa gani ba, kuma kullum yana roƙon Allah kada cajin wayarsa ya ƙare.

Amma ƙasa ba ta haihuwa. Wata Laraba aka wayi gari babban birninsa kaɗai ya rage, sharuɗɗan kuma suka iso: ya buɗe wa jajayen soja ƙofar birnin. In ya amince su shiga su cinye shi. In ya ƙi su fasa su shiga. Sai dai amincewar za ta ja masa 'yan kwanaki.

Yana zaune a kan tabarma a tsakar gida da wayar a hannu, bai ji sallamewar Hajja daga salla ba, sai hannunta ya gani ta karɓe. Taswirar na buɗe. Ta kai ta kusa da ido, ta nisanta.

"Wannan jan fa?"

"Ƙasar Ya Umara ce, Hajja."

"Duk wannan? Taka tana ina?"

Ya nuna mata ɗan shuɗin da bai kai ƙwayar wake ba.

"Da ma haka take?"

"A'a. Da can rabi da rabi ne."

"Kai ka ba shi, ko shi ya nema?"

Uwais ya sunkuyar da kai. "Shi ya nema."

Ta daɗe tana kallon wayar. Ɗigon na nan kore shar a gefen sunan, amma ba shi take kallo ba.

"Tun kuna ƙanana," ta ce, "in na raba muku ƙosai, kafin in juya ya tura maka nasa. Har dukansa na yi a kan haka bai daina ba."

Uwais ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu. Ta ajiye wayar a cinyarsa a hankali, ta gyara mayafinta, ta dafa bango ta miƙe. Bai taɓa ganin ta dafa bango ba.

"Je ka gaya wa Kawunka a shimfiɗa tabarmin gaisuwa gobe," ta ce. "Wannan kuma, ko wane ne shi, kada ka ƙara ba shi komai da sunan ɗana."