Sunan da Ke Ƙarƙashin Hoton Mai Fito

Shekara talatin da ɗaya na yi ina fito a kogin garinmu kafin a gina gada, kuma ko akuya ban taɓa zubarwa a ruwa ba. Ban zauna a aji ba, ban san baƙi ba, amma kogin nan na karance shi kamar tafin hannuna. Cikin mu tara da muka riƙe gorar tuƙa jirgi a mashigin, bakwai sun riga mu gidan gaskiya. Saura ni da Bahago, kuma shi ma ban san abin da yake jira ba.

Wata Talata uwar 'ya'yana ta dawo daga kasuwa, ko mayafi ba ta cire ba ta ce, "Malam, an rataye abokinka a ɗakin karatu."

Na ce, "Alhamdu lillahi. Da wace igiya?"

"Hotonsa nake nufi. 'Yar mai hoto ce ta buɗe akwatin babanta, ta sami katunan nan da yake bugawa da, waɗanda baƙi ke saye su liƙa kan sarki su aika gida. Ta ƙara musu girma ta jera a bango. Har kujera aka ajiye wa Bahago a ƙarƙashin nasa."

Abincin ranar bai wuce mini ba. Washegari na sa rigata mai kyau, na ce ta raka ni, don ita ta yi yaƙi da jahilci, tana iya haɗa baƙi.

Ɗakin karatun dogo ne, fanka ɗaya ke aiki, an ture teburan gefe. Ga tsohuwar tasha a bango, ga layin maƙera tun ba a yi masa kwalta ba, ga gidan waya da keken mai kai wasiƙa a jingine. Duk na wuce su. Can ƙurya mutane sun yi cincirindo, daga tsakiyarsu kuma muryar nan ta Bahago mai kama da ta tsohuwar agwagwa ke tashi.

Hoton ya kai faɗin ƙofa. Ruwa ne ya cika ya batse, shekarar babbar ambaliya. Mutum guda a tsaye a ƙarshen kwale-kwale, ya ba da baya, ba riga, ya kafa gora, jijiyoyin bayansa kamar an murɗa igiya. Ina ganin bayan nan na san shi. Mutum bai taɓa ganin bayansa ba, amma wallahi na san nawa.

Na ce wa uwar 'ya'yana, "Me aka rubuta a ƙasa?"

Ta matsa ta karanto a hankali. "Bahago, gwarzon masu fito, ranar ambaliya."

Gwarzo! Mutumin da in hadari ya haɗu sai ciwon ciki ya kama shi. Yana zaune ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, wata malamar makaranta har rubuta abin da yake faɗa take yi. Da ya hango ni sai ya washe gibinsa.

"A'a, Kada! Ashe kana nan da rai? Matso ka ga yadda maza suka yi aiki."

Kada shi ne sunan da aka san ni da shi a bakin ruwa. Na ce, "Na ga yadda maza suka yi aiki, ina kuma ganin yadda wasu ke cin guminsu a zaune. Tashi daga ƙarƙashin bayana."

Aka yi dariya, an ɗauka wasan tsofaffi ne. 'Yar mai hoto ta taso, mace mai natsuwa da tabarau, ta gaishe ni har ƙasa. Ta ce, "Baba, ai ba da ka muka rubuta ba. Dubi hannun da ke saman gorar, na hagu ne. Duk wanda muka tambaya ya ce mai fito ɗaya ne bahago a garin nan."

Na duba. Hannun hagu ne a sama. Bahago ya ɗaga hannun nasa yana juya shi a iska kamar wanda aka ba lambar yabo.

Kwana huɗu ina zuwa ɗakin karatun nan. Ba na gaishe shi, ba na zama. In tsaya daga nesa in ga ana ɗaukarsa hoto da waya, ana kawo masa ruwan sanyi, ana ce masa Baba Gwarzo. Labarinsa kuma kullum ƙara tsawo yake. Ran farko mutum shida ya ceto, ran na uku sun zama ashirin har da mai naƙuda. A gida uwar 'ya'yana ta ce, "Malam, ka rame. Hoto ne fa, ba gona aka ƙwace maka ba."

Na ce, "Gona ai ana sayen wata. Wa zai sake mini wannan ruwan?"

Ran na biyar na daina kallon mutumin, na koma kallon kogin, abin da ya kamata in yi tun farko. Akwai turken ƙarfe a mashigi inda muke ɗaure jirage. A hoton, ruwa ya taru ya yi tozo a gefen damansa, ya zube ta hagu. Na ce a raina, yaushe kogin nan ya taɓa gudu haka? Mai hoto daga kan matakalar mashigi yake tsayawa, ban taɓa ganinsa a wani wuri ba, don tsoron ruwa gare shi. In kana kan matakala, ruwa daga hagunka yake zuwa. Sannan ga tsohon tankin ruwa can tsallake, wanda aka rushe tun kafin a haifi rabin mutanen ɗakin. A hoton yana dama da turke. Ni kuwa shekara talatin da ɗaya ina saita hancin jirgina da tankin nan, a hagu yake.

Na buga sandata a ƙasa na ce, "A kira mini 'yar mai hoto!"

Ta zo. Na ce, "'Yata, ko dai kogin nan ya koma gudu da baya ran nan, ko babanki ya kifa hoton. Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma a cikin duhu yake aiki."

Ta dubi bangon. Ta ce fim ɗin asali yana nan, baƙin nan da ake wanke hoto daga jikinsa, bari ta ɗauko. Shagon uban nata yana bayan ɗakin karatun, ba ta daɗe ba ta dawo da ambulan da ya yi ja don tsufa. Ta zaro fim ɗin ta ɗaga shi saitin taga, ta juya, ta sake juyawa. A gefensa akwai 'yan lambobi, ta ce da su ake gane gaba da baya.

"Baba Kada ya yi gaskiya," in ji ta. "A kife aka wanke shi. Mutumin nan da dama yake riƙe da gora."

Ban san na yi kabbara ba sai da na ji ta a kunnena. Na juya wajen Bahago na ce, "To, gwarzo, a ba mai kujera kujerarsa."

Bai motsa ba. Ko gibin bai rufe ba. Ya ce, "'Yata, tunda fim ɗin yana hannunki, duba da kyau. Iyakar abin da ke ciki ke nan?"

Ta sake ɗagawa. Ta ce, "A'a, babana ya yanke gefe guda da zai yi katin. Akwai wani jirgin a gaba. Da igiya a tsakaninsu." Ta matso da shi kusa da tabaranta. "Na gaban yana tuƙi da filafili, kamar shi ke jan na bayan."

Duk kawunan ɗakin suka juyo wajena.

To, abin da ya faru ran nan, tunda an zo wurin. Gorata ta kafe a laka a tsakiyar ruwa, igiyar ruwa ta juya ni, kuma wani ya jefo mini igiya. Ban roƙa ba. Da an bar ni da na fita, don na fita daga abin da ya fi wannan. Shekara hamsin ba wanda ya tayar da zancen, Bahagon ma bai taɓa ba, na ɗauka ya manta.

Bahago ya ce, "Ni tun ran farko na san ba bayana ba ne. Bayana ya fi wannan kyau. Na dai ce bari in zauna a nan har mai shi ya zo ya nema da bakinsa."

Uwar 'ya'yana ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Dariya take mini, matar da na aura da ƙuruciyarta.

'Yar mai hoto ta rasa inda za ta sa idonta. Ta ce, "Baba, hoton naka ne, kai za ka zaɓa. Ko in bar shi yadda yake, in cire suna gaba ɗaya, ba wanda ya ji kunya. Ko in wanke sabo daidai, in sa sunanka. Amma in zan wanke, cikakke zan wanke, ba zan sake yanke shi ba."

Kowa ya zuba mini ido. Na dubi bayan nan da ke bango, na yaro ɗan shekara ashirin da biyar da bai san ciwon gwiwa ba. In bar shi ba suna, kamar wani baƙon da ya faɗo daga mota?

Na ce, "Wanke shi duka. Ki rubuta Kada da manyan baƙaƙe, yadda mai ciwon ido zai gani daga ƙofa."

"Shi kuma Baba Bahago?"

"Ki sa nasa. Ƙanana."

Bayan mako guda aka rataye sabon. Kogi ya koma gudu yadda Allah ya yi shi, tanki ya koma hagu. Ni ne a tsakiya, na cika hoton. Shi kuwa can gefe, ɗan mitsitsi, kai kamar ƙwallon goriba, ko fuskarsa ba a gani. Aka ajiye kujeru biyu.

Sai dai mutanen yanzu ba su san aiki ba. Su zo su tsaya, su dubi bayan nan nawa, maimakon su tambayi yadda ake kafa gora a ruwa mai tozo, sai su sa yatsa su bi igiyar har gefe, su ce, "Baba, wane ne wannan da ya ja ka?"

Nakan ce ban ji ba, kunnena ya yi nauyi. Shi kuwa nasa kunnen garau yake.