Hutun Bakin Teku a Bayan Gida

Odile na duƙe tana shanya a bayan gida, kamar mai satar kayan wani, sai ta ji tari daga ƙetaren shinge. Ta leƙa. Baba Anselme ne, maƙwabcinsu, kwance a kujerar shan iska, daga shi sai gajeren wando, ya shafe ƙirji da mai.

Makon jiya duk layin ya ga tsohon nan ya ja akwati, ya rufe tagogi, wai ya tafi hutu Nice, can bakin teku. Ita ma ta bi gida-gida tana shelar za su hutun bakin teku a Bretagne, har da gwada wa Madam Ghislaine mai gidan burodi sabuwar malafarta. Ana gobe tafiya motar mijinta Thierry ta ce ba da ita ba, gyara ya cinye guzurin. A garinsu Limoges na Faransa kuwa, da a gan ka a gida cikin Agusta, watan hutu, gara a gan ka ba wando. Sai suka rufe tagogin gaba, suka lafe da 'ya'yansu biyu.

Kunya ta kama ta har wuya. Shi ko a jikinsa.

"Madam Odile, yaya Bretagne?"

"Ruwa ake ta yi, Baba. Yaya Nice?"

"Zafi kamar ya kashe mutum. Ga tsada."

Dariya ta ƙwace mata har da hawaye. Ashe tun rasuwar matarsa bai sake taka bakin teku ba, duk shekara a gida yake lafewa, kuma ba wanda ya taɓa gano shi. Ranar ya buɗe musu makaranta.

"Kada ki soya albasa, 'yata, ƙamshi ba ya riƙe sirri. Burodi kuwa a can unguwar tasha za a saya, ta ƙofar baya. Yaran nan ki shanya su a rana, gaba da baya, su yi ja kamar sun je teku. In suka koma makaranta farare fat, kin gama yawo."

"To in an tambaye su teku fa?" in ji Thierry.

"Su ce da sanyi. Ba a taɓa ƙaryata wannan ba."

Thierry ya cire katako biyu daga shingen, ya kafa tanti a kan ciyawa, ya cika bahon wanka da ruwa. Da rana su baje tabarma, a ci burodi da cuku da kifin gwangwani, tsohon yana ba yaran labarin igiyar ruwa mai tsawon coci. Ba cunkoson hanya, ba "mun kusa?", ba faɗa a kan wanda ya manta tukunya. Ko da wuƙa a wuya Odile ba za ta faɗa ba, amma ba ta taɓa jin daɗin hutu irin wannan ba.

Sai dai tarin nan yana ƙaruwa, abincin tsohon yana raguwa.

"Baba, bari in kira likita."

"Ya same ni a ina? Ina Nice. In na dawo a Satumba na je."

Wata rana bayan cin abinci ya ɗora hula a fuska. Maëlle, ƙaramar 'yarsu, ta zo tana ƙorafi wai Baba ya ƙi tashi ya ƙarasa labari. Odile ta taɓa hannunsa, ta ji ya yi sanyi, ta daɗe riƙe da shi.

"In motar asibiti ta shigo layin nan, kowa zai sani," in ji Thierry ƙasa-ƙasa.

"Je ka buɗe tagoginmu," in ji Odile.

Ta sa wa tsohon riga, ta ɗaura masa takalmi, ta shiga gidansa ta jawo akwatin ta ajiye a bakin ƙofa. Sannan ta kira motar asibiti, ta fito titi.

Kafin motar ta gama tsayawa Madam Ghislaine ta iso, garin fulawa har gwiwar hannu.

"A'a! Odile! Ba kuna Bretagne ba?"

"Ba mu je ko'ina ba, Ghislaine. Ba mu da hali. Tun farkon wata muna ciki kamar ɓeraye."

Idon matar ya yi ƙyalli, ta samu abin da za ta haɗa wa masu sayen burodi har Kirsimeti. Odile ta ji fuskarta na zafi, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"To shi fa?"

"Da safen nan ya sauka daga jirgin ƙasa. Ko akwati bai kwance ba."

Aka fito da shi. Ghislaine ta leƙa kafin a rufe fuskar, ta dafe ƙirji.

"Allah sarki! Dubi yadda ya yi jawur. Ko ba komai, ya sha tekunsa kafin ya tafi."

"Ya sha," in ji Odile, kuka ya ci ƙarfinta.

Da yamma Thierry ya naɗe tantin. Ciyawar da ke ƙarƙashinsa ta koma rawaya. Wani ɗan tsuntsu ya sauka a bakin bahon, yana shan ruwa.