Jujin Nomau da Masu Albarushi

A shekarar da fadar Damagaram ta ƙara yawan bindigoginta, masu haɗa albarushi suka bazu ƙauyuka neman tsohuwar ƙasar garke. Sukan gauraya ta da toka, su jiƙa, su tace, su dafa ruwan har ya bar wani farin gishiri. Ba sa roƙo. Inda suka ga ƙasar, nan suke loda wa jakuna.

Nomau na Tirmini yana da irin wannan juji a bayan gidansa: kashin awaki na shekara uku, baƙi ƙirin, wanda ya tanadar wa dankalinsa. Da wannan dankali yake riƙe gidansa kafin gero ya kai rumbu. Ranar da ya ji jakuna sun shigo gari, ya daka kanwa, ya barbaɗe saman jujin.

Suma'ila, shugaban masu albarushi, da harshe yake gwada ƙasa. Ya tsuguna gaban jujin Nomau, ya ɗanɗana, ya tofar.

"Malam, wannan juji ne ko tukunyar wake?"

"Haka ƙasarmu take, ranka ya daɗe," in ji Nomau. "Amma in mai kyau kuke so, ga na Kulu can bayan kuka."

Kulu taubashiyarsa ce, garkarta na jikin tasa. Kafin azahar an kwashe jujinta, jaki goma sha ɗaya. Ta tsaya bakin darni tana kallo.

"Taubashi, an ce bakinka ne ya nuna hanya."

"Ni? Yabon awakinki kawai na yi."

Kulu ta juya. Ta bi jakunan har inda ake tacewa, ta nemi a ba ta dusar ƙasar da suke zubarwa. Suka yi dariya, suka ba ta. Kwana takwas tana jido da kwando zuwa garkarta, ƙasa fara fat da toka, ba ko wari.

Nomau ya kankare kanwar, ya juye jujinsa duka a kunyoyin garkarsa. Rana ɗaya suka dasa dankali, shi da Kulu. Nasa ya yi yaɗo, ganye kore shar, har ya haye darni. Na Kulu ya tsaya gajere, ganyen ɗai-ɗai. Kowace safiya yakan leƙo.

"Kulu, dankali kika dasa ko gashin tsohuwa?"

"Ka dai ci gaba da ƙirga ganye."

Bayan wata huɗu suka shiga tono. Nomau ya sa hauya a kunyar farko, ya fito da saiwa siririya kamar igiyar guga. Ta biyu haka. Ya tsallaka tsakiyar garka ya tona, ya koma ƙarshe ya tona. Ƙarfin takin duk ya tafi ganye. Abin da ya tara bai cika kwando biyu ba.

A ɗaya gefen, ƙasar Kulu ta tsattsage. Kowane dankali sai an kama shi da hannu biyu. Ta tara tsibi uku, ta zauna kan na tsakiya, ta kankare ɗaya da wuƙa tana ci ɗanye.

Nomau ya matso darni.

"Taubashiya, zumunci fa..."

"Ina sane da shi. Ka yanke ganyen nan duka, ka kai wa awakina. Kowane dami, dankali ɗaya."

"Ɗaya?"

"Babba. Kuma kai za ka share garken."

Ya dubi tsibin, ya dubi kwandonsa. Ya tafi neman lauje.