Daddawar Japan

Hamsatu ta buɗe murfin robar, ta kai hanci, ta yi maza ta kau da kai. Abin da ke ciki ja ne mai duhu, da kauri kamar tunkuza, warinsa kuma ya ɗauko na daddawa bai ƙarasa ba. A jikin robar an yi wani rubutu mai kama da sawun kaji a kan yashi.

"Wanga abu ya lalace," ta ce, ta nufi kwandon shara da shi.

Jikarta Ummi, wadda tun zuwanta gidan ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta ƙwalla ƙara, ta rugo ta fizge robar ta manna a ƙirji.

"Na Mama ne! Miso ne!"

Miso wata irin daddawa ce ta mutanen Japan. Mamar da take nufi kuwa ita ce Bushira, autar Hamsatu. Ta auri Zaharaddeen, ɗan Aliero, ta bi shi Japan inda ya je karatu a kan yadda za a adana albasa ba ta ruɓe ba. Can aka haifi Ummi. Can kuma Bushira ta rasu a wajen haihuwa ta biyu, ita da abin cikinta, aka rufe su a ƙasar da Hamsatu ba ta san ta ina alƙiblarta take ba. Ta waya aka faɗa mata. Bayan sadakar arba'in Zaharaddeen ya kawo yarinyar gidan Hamsatu, a unguwar Firchin cikin Jega. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ya ce tsohuwarsa ba ta da lafiyar da za ta yi reno, shi kuma karatu bai ƙare ba.

"Inna, ga amana," ya ce. Ya ajiye akwati, ya koma.

Amanar kuwa ba ta cin abinci. An yi tuwon shinkafa miyar kuka, ta kalle shi kamar an ajiye mata taɓo. An dama fura, ta toshe hanci. Daga shayi sai gefen burodi, shi ma da lallashi. Hausarta guntu-guntu ce, saboda haka ko abin da take so ba ta iya faɗa. Kafin wata ya zagayo wuyanta ya yi tsawo, warwaron hannunta ya fara zamewa.

"Ki ƙyale ta," in ji Hadiza, maƙwabciyar da katanga ɗaya ta raba su. "Yunwa malama ce. Ran da ta kama ta, da kanta za ta nemi tuwon."

Hamsatu ba za ta iya ƙyale ta ba. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ta riga ta rasa guda.

Ranar da ta gano robar a ƙasan akwati, bayan kukan ya lafa, ta zauna a gaban yarinyar ta tambaye ta a hankali, "Da mi uwarki ke ba ki shi?"

"Da wake."

Hamsatu ta ji daɗi, don wake dai ba baƙonta ba ne. Ta gyara farin wake, ta dafa shi luguf, ta yanko abin robar cokali biyu ta dama a ciki. Ummi ta leƙa kwanon, ta leƙa ramin da cokali ya bari a robar, sai hawaye.

"Ba shi ba ne. Kore ne. Dogo." Ta miƙa ɗan yatsanta ta gwada tsawonsa.

Ran kasuwa Hamsatu ta ja ta suka shiga rumfunan 'yan gwari. A teburin wani mai kayan salak, Ya'ƙub, tsakanin karas da kabeji, Ummi ta tsaya cak ta nuna wani ɗan tsibi.

"Hajiya, biki za a yi?" ya tambaya yana zubawa a leda. "Koren wake ai masu soyayyar shinkafa ke saye."

"Zuba dai," ta ce.

Man shanu kuwa Talatu ce ta kawo, Bafulatanar da ke tallan nono daga rugarsu ta wajen Mungadi. Ummi ta sa yatsa ta lasa, ta gyaɗa kai.

A rayuwarta Hamsatu ta girka wa gidan biki, ta girka wa gidan mutuwa, ba a taɓa tsaya mata a kai ba. Ran nan 'yar shekara shida ce ta tsaya a bakin murhu tana ba ta umarni, rabi da baki rabi da hannu. A tsinke kan waken da wutsiyarsa. A jira ruwa ya tafasa. Waken bai ko gama juyawa a tukunya ba sai yarinyar ta fara tsalle.

"Cire, Kaka! Cire!"

"Ke, bai nuna ba! Akuya za a ba?"

"Cire!"

Ta tsame, ta zuba a ruwan randa kamar yadda aka ce mata, koren ya ƙara fitowa shar. Man shanu ya narke a kasko. Aka dama miso rabin cokali da ɗan ruwa aka zuba, wani ƙamshi ya tashi wanda gidan bai taɓa ji ba. Aka juya waken a ciki, aka barbaɗa riɗi.

Ummi ta haɗa tafukanta a gaban kwanon, ta faɗi wata doguwar kalma.

"Bismillahi ake cewa," in ji Hamsatu.

Yarinyar ta ce bismillahi, sannan ta maimaita tata kalmar, ta ci. Ta cinye tas, har da lashe kwano.

Sili ɗaya ya maƙale a kasko, Hamsatu ta kai baki. Garas-garas yake, ga gishiri, ga maiƙo, ga wani ɗanɗano a can ƙasa da ta rasa sunansa. Ta daɗe tana taunawa. Ita ta koya wa Bushira kaɗa kuka ba gudaji, ita ta koya mata tuƙin tuwo har hannunta ya yi kanta. Amma abin da Bushira ta bari a bakin ɗiyarta shi ne wannan ɗanyen wake. Ashe ta yi wata rayuwa sukutum, da tukwanenta da ƙamshinta, wadda uwarta ba ta da ko ludayi a ciki.

Daga nan koren wake ya zama abin kullum a gefen shinkafa. Robar kuwa ta fara nuna gindinta, kuma daga Jega har Birnin Kebbi babu mai sayar da irinta. Hamsatu ta yi ta saƙa da warwara. Wata safiya, Ummi na makaranta, ta daka daddawar kalwa har ta yi laushi, ta jiƙa, ta tace, ta haɗa da gishiri da ɗigon zuma, ta cusa kaɗan a robar ta gauraya. Ta girka, ta ajiye mata. Ummi ta cinye kamar kullum. Mako na gaba ta ƙara. Kafin damina ta kankama, babu abin Japan da ya rage a robar sai rubutun jikinta.

Yarinyar ta murmure. Kumatu suka dawo, baki ya buɗe, har tana cewa "awo" da "mi kike so" kamar a Firchin aka yanke mata cibiya. Ta fara taɓa tuwo in an yi miyar taushe. Matan unguwa suka sa wa Hamsatu suna Mai Daddawar Japan, ita kuwa ko a jikinta. Tun rasuwar Bushira, sai yanzu ta sake samun dalilin hura wuta da wuri.

Wata ranar da hadari ya haɗu bai zubar ba, mota ta tsaya a ƙofar gida. Zaharaddeen ne, tare da yayansa Magaji, dillalin albasa a Aliero. Aka shimfiɗa musu tabarma, aka gaisa, aka sake yi wa mamaciya addu'a. Magaji ne ya yi maganar, ƙanen kuwa idonsa na ƙasa. Karatu ya ƙare, an ba Zaharaddeen aiki a can Japan, ya sama wa Ummi makaranta. Sun zo neman izinin tafiya da ita ne.

"Na tambayi Liman tun ba yau ba," in ji Hamsatu. "In uwa ta rasu, riƙon ɗiya na uwar uwa ne."

"Awo, Inna, haka yake. Ba mu ja da shari'a ba. In kin ce a'a, magana ta ƙare."

"Na ba ku ɗiya da ƙafafunta, kun maido mini da murya a waya. Yanzu kuma in ƙara muku wata?"

Ana cikin haka Ummi ta shigo daga Islamiyya. Ta yar da jakarta a tsakar gida, ta yi tsalle ta ɗafe wuyan ubanta, sai ga yaren nan da Hamsatu ta ɗauka ya ƙafe yana kwarara kamar an fasa madatsa. Uban na amsawa, tana ƙyalƙyala dariya. Duk zaman da suka yi tare, Hamsatu ba ta taɓa jin wannan dariyar ba.

Ta tashi ta ce bari ta sama wa baƙi abinci. Ta kira yarinyar madafi, ta ba ta wake tana tsinkewa.

"Kina son tahiya?"

"Awo, Kaka! Baba ya ce za mu hau jirgi. Za mu je wurin da Mama take kwance."

Hamsatu ta gyara itace, ko da yake wutar ba ta bukatar gyara. "To wa zai dafa miki wakenki a can? Ga misonki nan ma bai ƙare ba."

Ummi ta ɗago, ta dube ta da mamaki.

"Kaka, wannan ai daddawa ce. Na Mama ya daɗe da ƙarewa."

"Kin sani?"

"Tun ranar farko na ji. Yana da daɗi shi ma." Ta ci gaba da tsinke waken. "Amma can akwai na gaske. Kowane shago akwai."

Ba da mugunta ta faɗa ba, kuma wannan ya fi komai ciwo. Man shanun da ke kasko ya wuce narkewa ya fara baƙi. Hamsatu ta sauke, ta goge hannu da bakin zane, ta fita ta tsaya nesa da tabarmar.

"Ku tahi da ita," ta ce. "In kun je kushewar Bushira, ku ce uwarta ta yahe mata."

Washegari da hantsi Magaji ya sa akwati a bayan mota. Ummi ta rungume ta sosai, ta ce za ta riƙa kira a waya, ta shige. Motar ta ɗauki hanyar Aliero. Hamsatu ta tsaya da hannu a sama har suka sha kwana, amma fuskar yarinyar na wajen ubanta, tana ba shi wani labari.

Hadiza ta fito ta tsaya kusa da ita.

"Kin yi abin kirki, Hamsatu. Kin karɓi amana a rame, kin mayar da ita da ƙiba. Allah zai ba ki lada."

"Lada," in ji Hamsatu, idonta na kan titi. "Da an bar mini ɗiyar, an riƙe ladan."

Hadiza ta dafe ƙirji. "Subhanallahi! Ki yi istigfari."

Hamsatu ta ce astagfirullah a hankali, amma ba ta janye maganar ba.